Kiranyen babura saboda matsalar shakazobar baya

Kiranyen babura mataki ne da kamfanin da ya ƙera babur ke ɗauka idan an gano wani lahani da zai iya jawo haɗari, inda ake buƙatar masu baburan su mayar da su wurin dillalai domin a gyara ba tare da sun biya kuɗi ba. Lalacewar shakazobar baya da ƙarafan da ke riƙe da ita na cikin dalilan da ke kawo irin wannan kiranye.

Aikin shakazobar baya

Tayar bayan babur tana ɗaure ne a jikin wani dogon ƙarfe mai motsi sama da ƙasa. Shakazoba ce ke haɗa wannan ƙarfe da gangar jikin babur. Tana ɗauke da sifirin da ke ɗaukar nauyi, da fistan da ke tafiya cikin mai domin rage tsalle idan an faɗa rami. Babban amfaninta shi ne ta sa taya ta zauna daram a kan titi. Idan sandar fistan ko notin da ke riƙe da ita ya karye ana cikin tafiya, bayan babur na iya zubewa ƙasa nan take, ko wani ƙarfe ya goge tayar har ta sace. Da yake tayoyin babur biyu ne kacal, hakan kan sa ya ƙwace wa matuƙi.

Yadda ake kiranye

A Amurka, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta NHTSA, wadda aka kafa a shekarar 1970, ita ke sa ido kan kiranye. Doka ta wajabta wa kamfani ya sanar da hukumar cikin kwanakin aiki 5 da tabbatar da lahanin, sannan ya aika wa masu baburan wasiƙa cikin kwana 60. A Birtaniya hukumar DVSA ce ke wannan aiki. Ana tantance baburan da abin ya shafa ta lambar shaidar da ke jikinsu, mai haruffa da alƙaluma 17.

BMW R1200RT

A watan Yunin 2014, kamfanin BMW na ƙasar Jamus ya umarci masu babur samfurin R1200RT na wannan shekara, mai shakazobar da lantarki ke sarrafawa, da su daina hawansa gaba ɗaya. Kamfanin ya ce sandar fistan ɗin na iya karyewa ba tare da wata alama ba. Lamarin ya shafi babura kusan 8,000 a faɗin duniya, 950 daga cikinsu a Amurka. Saboda kayan gyaran ba su samu da wuri ba, an ba masu baburan a Amurka zaɓi uku: su jira gyara a biya su diyya, ko a ba su aron wani babur, ko kamfanin ya saye nasu.

Harley-Davidson Softail

A shekarar 2023, kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya yi kiranyen babura fiye da 65,000 na rukunin Softail, ƙirar 2018 zuwa 2023. Matsalar ta taso daga wani noti da ke riƙe da abin daidaita ƙarfin shakazoba. Idan ya karye, abin kan taɓa tayar baya ya huda ta, iska ta fita. Dillalai sun sauya notin kyauta.

Baburan hannu

Kamfanoni kan aika wasiƙar kiranye ga wanda sunansa ke cikin rajista. Don haka babur ɗin da ya sauya hannu sau da yawa, ko aka fitar da shi zuwa wata ƙasa, zai iya ci gaba da yawo da lahaninsa. Mai sayen irin wannan babur zai iya shigar da lambarsa a shafin intanet na kamfanin ko na hukuma, ya ga ko akwai gyaran kiranye da ba a yi masa ba.