Daga Yakasai Zuwa Rijiyar Zaki: Abin da Katanga Ta Raba Mu da Shi

Shekara arba'in na yi a cikin birnin Kano, a wani lungu na Yakasai da mota ba ta shiga. Iyali huɗu ne a gidanmu na gado, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Da Allah Ya hore mini fili a Rijiyar Zaki, kan hanyar Gwarzo, daura da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai na shafe shekara shida ina gini kaɗan-kaɗan. Ranar da muka tare a 2019, na ɗauka wahala ta ƙare.

Ba ni kaɗai na yi wannan ƙaura ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma tuni birnin da badala ta kewaye ya cika ya batse, rabon gado yana ta tsattsaga gidaje. Shi ya sa ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwa suka bazu zuwa Hotoro da Mariri da Panshekara da irin unguwarmu.

Matsalolin farko ba su dame ni ba. Babu ruwan famfo, muka dogara da 'yan garuwa har muka haƙa burtsatse. Layinmu babu kwalta, da damina sai taɓo. Duk waɗannan kuɗi da haƙuri suna maganinsu. Abin da ban yi wa tanadi ba shi ne shiru.

Mahaifiyata ce ta fara ganewa. Na keɓe mata ɗaki mai banɗaki a ciki, amma mako uku kacal ta yi ta ɗaure kayanta. Da na tambaye ta laifinmu, sai ta ce, "Ba ku yi mini komai ba, ɗan nan. Amma tun da na zo, ko gishiri ba a aiko yaro nema ba. Wannan ai ba unguwa ba ce." Maiɗakina, wadda ta fi kowa murnar samun ɗakin girki nata na kanta, ta koma yini a waya da matan tsohon gida. Yaran da suka saba langa da 'yar ɓuya a lungu suka zama masu gadin talabijin.

Sai ga abin da ya kunyata ni. Wata safiya na ga an kafa rumfa a ƙofar gidan da katangarmu take haɗe. Na tambayi mai gadi ko biki ake yi, ya ce sadakar uku ce, mahaifin maigidan ne ya rasu. Kwana uku! A Yakasai, kafin a gama wankan gawa unguwa ta hallara. Na shiga ta'aziyya kaina a sunkuye, a ranar ce ma na san sunan maƙwabcina.

Mai karatu, na daɗe ina nazarin inda muka kuskure. Kakanninmu ba su gina zaure don ado ba. A nan baƙo yake sauka, a nan ake ciyayya, a nan ake sulhu, a nan dattawa suke sa ido kan tarbiyyar yaran kowa. Mu 'yan boko muka cire zaure muka sa garejin mota, muka cire dakali muka ɗora waya mai ƙaya. Tsoron ɓarayi gaskiya ne, amma katangar da ta hana ɓarawo shiga ita ce ta hana maƙwabci jin ihunka.

Bayan rasuwar nan, mu shida muka yanke shawarar shimfiɗa tabarma a ƙofar masallacin layi duk daren Juma'a bayan Isha'i, kowa ya fito da tuwon gidansa. Daga nan aka samu asusun gyaran layi da biyan 'yan sintiri, mata suka kafa adashi, yara suka san gidajen juna. Ba mu zama Yakasai ba, amma yanzu Hajiya takan zo ta yi wata guda.

Shawarata ga mai shirin tarewa a sabuwar unguwa ita ce, kafin ya sayi labule, ya zaga ya yi sallama gida-gida. Masu zana mana gidaje kuma su dawo mana da zaure, ko da ƙarami ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ba a ƙarfen get ba. Allah Ya haɗa mu da maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagarin.