Robar Ruwan Mota: Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam ya san Assakio, garin da ke ƙaramar hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa. Ƙasa ce ta doya da shinkafa da agushi. In kaka ta yi, motoci sukan yi lodi a nan, waɗansu su bi ta Makurɗi su gangara Inugu da Anacha da Fatakwal, waɗansu kuwa su bi ta Akwanga da Lakwaja har Ikko. Mutanen wannan yanki mazauna Kurmi su ma ta waɗannan hanyoyi suke komawa gida da Salla.

To, a irin wannan doguwar tafiya ba a rasa ganin mota a gefen titi, an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota ya ruga neman ruwa da galan. Fasinja na zaune a rana, doya na gumi cikin lodi. Sau da yawa kuwa motar ta daɗe tana faɗin ciwonta, sai dai wurin da za a karanta ne ya toshe da dauɗa, watau 'yar robar nan da ke kusa da lagireto.

AIKIN ROBAR

In inji ya ɗau zafi, ruwan cikinsa yakan kumbura. Motocin dā da yawa rarar ruwan ƙasa suke zubar da shi ta wani siririn bututu, shi ya sa tsofaffin direbobi suka saba da cika lagireto kowace safiya. Motocin yanzu kuwa robar ce ke karɓar rarar, in inji ya huce ya zuƙe abinsa ya mayar. An yi ta da farar roba, da zane biyu, na sama da na ƙasa, don direba ya ga iyakar ruwansa ba sai ya buɗe kome ba.

Amma fa robar iri biyu ce. A yawancin motocin Toyota da Nissan na dā, marfin ƙarfe yana kan lagireto, robar kuwa ma'ajiya ce kawai. A irin su Golf da Sharon kuwa marfin robar shi ne ke riƙe ƙarfin tururin duka. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma marfin yakan danne shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Wanda ya kwance shi da zafi, ruwan zai yi tsartuwa ya saluɓe masa hannu da fuska. Saboda haka ba a taɓa shi sai inji ya yi sanyi ƙalau.

INA DAUƊAR KE FITOWA?

Daga ruwan da ake zubawa. Mai mota kan ga kuɗin kulan, watau ruwan nan kore ko ja da ake sayarwa cikin galan, sai ya ce ai ruwa ruwa ne, ya ɗebo na rijiya ko na rafi. Wanda ya leƙa tsohuwar butar mai shayi ya ga farin abin da ya daskare a gindinta, to irinsa ne ke taruwa cikin lagireto, musamman in ruwan na zartsi ne. Bugu da ƙari tsurar ruwa ba ya hana tsatsa. Kulan kuwa akwai maganin tsatsa a cikinsa, ko da yake shi ma ƙarfinsa yana ƙarewa in ya daɗe ba a sake shi ba.

Kafin a wanke, a tsaya a dubi launin dauɗar, don ita ce shaida. Ja-ja-ja kamar jar ƙasa, tsatsa ce daga cikin inji. Fari mai kauri kamar alli, laifin ruwa ne. Amma in aka ga abu mai maiƙo, launin shayi da madara, to bakin mai ne ya haɗu da ruwa. Wannan ba aikin wanki ba ne, alama ce gaskit ya ƙone ko wurin sanyaya mai ya huje. Haka kuma in ruwan yana kumfa ba fasawa sa'ad da inji ke aiki. Mota mai irin wannan alama gareji ya kamata ta nufa, ba tasha ba.

YADDA AKE WANKEWA

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Da sassafe, kafin a ta da mota, a zare tiyo, a kwance robar, in akwai wayar lantarki a jikinta a cire a hankali. A juye tsohon ruwan cikin galan a rufe. Kada a zubar inda akuya ko kare ko yaro zai kai baki, domin kulan yana da ɗan zaƙi, amma guba ne mai lalata ƙoda.

Sa'an nan a zuba ruwan ɗumi da ɗan garin sabulu, a ƙara ɗanyar shinkafa cikin tafin hannu, a toshe bakunan, a yi ta girgizawa. Shinkafar ce ke kankare lungunan da buroshi ba ya kaiwa. In farin abin nan ya ƙi fita, a cika da ruwan khal ko ruwan lemun tsami da aka tace, a bari ya kwana, tsamin zai narkar da shi. Bayan haka a ɗauraye sau da yawa, har sai an tabbata ba sabulu, ba tsami, ba ƙwayar shinkafa ko ɗaya, domin guda ta isa ta toshe tiyo. A hura tiyon a ga iska na wucewa, in ya toshe ruwa zai fita amma ba zai komo ba. A duba robar cikin marfi, in ta tsage a sake marfin.

Abu uku ba a sa su: asid na batir, da sodar yin sabulu, da fetur. Na farko da na biyu suna cin alminiyon, fetur kuwa yana lalata tiyo. Robar da ta tsufa ta koma ruwan ƙwai, ta soma tsattsagewa, wanki ba ya mayar da ita sabuwa. Mazauna Ikko sun san hanyar Ladipo, sai a sayo wata.

ABIN DA ZA A ZUBA

Wanke roba kaɗai a bar lagireto da laka, kwana kaɗan dauɗar za ta dawo. In tsatsa ta yi yawa, sai makaniki ya zubar da ruwan duka ya wanke. Sa'an nan a zuba kulan irin wanda littafin motar ya faɗa. A karanta jikin galan: wani an riga an sirka shi, wani kuwa sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, irin na ƙara wa batir, ba asid ɗin ba. Kada a gauraya iri biyu, yakan zama laka. A cika zuwa tsakanin zanen nan biyu, ba har baki ba.

Daga nan aikin direba kallo ne kawai kowace safiya. In ruwa yana raguwa kullum, akwai inda yake yoyo, gara a nemo shi a gida tun kafin a ɗau hanya. Kuɗin galan ɗaya na kulan da marfi sabo ba su kai ko kusa da kuɗin aikin gaskit ba, balle asarar lodin doya da ya kwana biyu a rana tsakanin Makurɗi da Inugu.