Sojan da Ya Zama Magini a Zuciyar Ɗan Tayi

Tun 1882, lokacin da masanin kimiyya Élie Metchnikoff ya ga wasu ƙwayoyin halitta suna yi wa baƙon abu taron dangi a cikin jiki, aka ɗauki makrofaj, ɗaya daga irin waɗannan ƙwayoyi, a matsayin sojan garkuwar jiki kawai. An kuma daɗe ana koyar da cewa duk daga ɓargo yake fitowa. A 'yan shekarun nan karatun ya sauya, musamman a binciken zuciya.

Kayan aiki ne suka kawo sauyin. Masana sun samu dabarar sa wa ƙwaya alama mai ƙyalli tun ɓera yana cikin uwarsa, sannan su bi sawun zuriyarta har ya girma. Da wannan dabara aka nuna a 2014, a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, cewa da yawan makrofaj ɗin zuciya tun daga ciki suka zo, wasunsu daga jakar gwaiduwa, kafin ɓargo ya soma yin jini. To, me soja yake nema a wurin da ba a yaƙi?

Gini yake yi. A 2016 masanan jami'ar suka rage waɗannan ƙwayoyi a 'yan tayin ɓeraye, sai jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya suka tsiro a hargitse. A 2019 wani bincike a Los Angeles ya nuna suna sassaƙa marafan zuciya, suna cinye abin da ya yi yawa. Jinjirin ɓera kuwa, wanda zuciyarsa ke iya sabunta kanta a makon farko na haihuwa, in aka raba shi da makrofaj, tabo yake yi. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da nakasar zuciya. Yanzu masu bincike suna tambaya ko ciwon da ya taɓa garkuwar uwa yana iya karkatar da maginan nan daga aikinsu. Wasu kuma suna fatan farfaɗo da su don warkar da zuciyar manya.

Sai dai mafi yawan hujjar daga ɓera take. Duk wanda ya yi wa iyayen jariri mai ciwon zuciya alkawarin magani daga wannan bincike a yau, ya yi azarɓaɓi.