Man Goge Baki Ba Ya Sanyaya Kwamfuta

Da zarar bazara ta kama a jihar Tawa, zafi ya haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, sai kwamfutoci da inbatocin sola su fara ɗaukewa da tsakar rana. Tun da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023, waɗannan na'urori suka ƙara yawa a Birnin Ƙonni da garuruwan kewaye irin su Bazaga. Tare da su kuma wata shawara ta bazu a WhatsApp: wai in injin yana zafi, a buɗe shi a shafa masa man goge baki, tunda yana sanyaya baki.

Sanyin da mutum ke ji a baki yaudarar harshe ce daga sinadarin na'a-na'a. Ƙarfe ba shi da harshe.

A saman ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ƙarfe mai haƙora, na alminiyom ko jan ƙarfe, wanda ke janye zafi fanka ta kore shi. Da ido fuskokin biyu sumul suke, amma cike suke da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi sosai. Shi ya sa kamfani ke sa wani man toka-toka a tsakani, na silikon haɗe da garin ƙarfe, domin ya kori iskar. Wannan man ya fi iska wuce da zafi ninki ɗari ko fiye, amma jan ƙarfe ya ninka shi sau da yawa. Nan wasu masu gyara ke tafka kuskure, su lafta shi da kauri don mai kaya ya ga an yi aiki. Magini in zai toshe tsagar bango, tsagar yake cikewa, ba ya gina wani bango a kanta. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya wadatar, matsin ƙarfen zai baje shi.

Man goge baki kuwa akwai ruwa a cikinsa. Ranar farko injin zai yi kamar ya samu sauƙi, bayan 'yan kwanaki ya bushe ya tsattsage, danshinsa kuma yana iya cin ƙarfe. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu ko ta kashe kanta.

Sau da yawa ma ba man ne ya gaza ba, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ga inbata an rataye ta a ɗakin kwano marar taga. Ana ta kiran jama'a su koma sola, garin Malbaza ma yana da tashar sola mai megawat 7 tun 2018, amma koya wa matasanmu gyaran kayan an bar shi ga sa'a.

In ka kai kayanka gyara, ka ce a fara kakkaɓe ƙura, a goge tsohon man tas, kuma a nuna maka abin da za a shafa kafin a rufe.