2.3 Tsarin Ƙwayar Zarra da Molekul

Ƙwayar zarra ita ce yanki mafi ƙanƙanta na sinadari wanda ke riƙe da siffofin sinadarin. A tsakiyarta akwai cibiya, wadda Ernest Rutherford ya gano a shekarar 1911. Cibiyar ta ƙunshi furoton mai caji da niyutiron maras caji, sannan ilektiron, masu kishiyar cajin furoton, suna kewaye da ita.

Yawan furoton ne ke bambanta wani sinadari da wani. Alal misali, ƙwayar zinariya tana da furoton 79, ta dalma kuwa 82. Wannan tazara ta uku ba ƙarama ba ce, domin a shekarar 2010 ƙurar dalma daga duwatsun da ake niƙawa wajen neman zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara.

Molekul kuwa yana samuwa ne idan ƙwayoyin zarra biyu ko fiye suka haɗu ta hanyar yin tarayya a ilektiron. Kowane molekul na ruwan Kogin Gagare da ke Ƙaura Namoda ya ƙunshi haidirojin 2 da oksijin 1. Haka nan, takin yuriya da manoman Shinkafi da Zurmi ke sa wa dawa da masara yana da ƙwayoyi 8: kabon 1, oksijin 1, naitirojin 2 da haidirojin 4. Naitirojin ɗin nan shi shuka ke buƙata, kuma shi ne kashi 46 cikin ɗari na nauyin takin.