John Mensah Sarbah, Lauyan da Ya Tsare Ƙasar Fanti

Cikin mutanen Afirka ta Yamma da suka fara karanta shari'ar Turawa, kaɗan ne suka yi wa danginsu aiki kamar John Mensah Sarbah na Gold Coast, watau Ghana ta yau. An haife shi a 1864. Ubansa attajiri ne, shi ya aika da shi karatu Ingila, ya zama lauya a 1887. Shi ne ɗan ƙasar na farko da ya kai wannan matsayi.

Da ya komo Cape Coast bai tsaya ga aikin kotu kaɗai ba, ya kafa jarida mai suna Gold Coast People a 1891, domin talakawa su sami bakin magana.

Amma abin da ya sa muke tuna shi ƙwarai shi ne rigimar ƙasa. A 1897 Gwamna Maxwell ya kawo wata doka wadda za ta sa duk dajin da ba a noma ya koma hannun Gwamnati. Sarakuna da masu ilmi suka kafa ƙungiya don tsare haƙƙin 'yan ƙasa, suka sa Sarbah ya tsaya musu gaban Majalisar Dokoki. Hujjarsa kuwa ita ce babu ƙasar da ba ta da mai ita: in ba ta wani gida ba ce, to, ta sarauta ce, ko da an bar ta saura. A shekarar nan ya buga littafinsa Fanti Customary Laws, inda ya tattara al'adun gado da na ƙasa, da hukunce-hukuncen kotuna a kansu. Da aka kawo masa ladan aikinsa, sai ya ƙi karɓa.

A 1898 wakilai uku suka tafi London, suka ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Joseph Chamberlain, aka janye dokar. Malamanmu da suka saba da takardun ƙasa za su lura da bambanci, gama a Nijeriya ta Arewa dokar 1910 ta sa ƙasa duka ƙarƙashin ikon Gwamna.

An naɗa Sarbah wakili a Majalisar Dokoki a 1901, yana cikinta har ya rasu a watan Nuwamba 1910, yana da shekara 46. Akwai ɗakin kwanan ɗalibai mai sunansa a Jami'ar Ghana, a Legon.