Shin Tsawon Yarinya Yana Tsayawa Da Zarar Ta Fara Al'ada?

A wannan fitowa ta mujallar bango mun ɗauko wata tambaya da 'yan mata da yawa suke riƙe da ita a zuci, kunya ta hana su furtawa: idan yarinya ta fara al'ada, shi ke nan ta gama tsawo? A nan Zango, kamar sauran garuruwan ƙasar Daura, mukan ji ana cewa wance ai ta gama girma, alhali ba ta wuce aji biyu na ƙaramar sakandare ba. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, don haka ga abin da ilimin kiwon lafiya ya tabbatar.

Amsa a taƙaice

A'a, tsawo ba ya tsayawa ranar da aka fara al'ada. Yawancin 'yan mata suna ƙara tsakanin santimita 5 zuwa 8 bayan sun fara, matsakaici kuwa wajen santimita 7 ne, wato kusan inci 3. Idan muna so mu ga yawansa da ido, mu dubi ɗan yatsan manuniya na babban mutum, kusan tsawonsa ke nan. Wannan ƙari yana zuwa ne cikin kamar shekara biyu. Shekarar farko ta fi yawa, ta biyu ta ragu, daga nan sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Alal misali, yarinyar da take da santimita 150 lokacin da ta fara al'ada, ana sa ran za ta tsaya tsakanin 155 da 158. Ma'ana, a ranar ta riga ta samu kusan kashi 95 cikin 100 na tsawonta. Saura kaɗan, amma ba a gama ba.

Akwai bambanci tsakanin mutum da mutum. Wadda ta fara da wuri, tana shekara 10 ko 11, takan ƙara fiye da haka, har wajen santimita 10. Wadda ta fara a makare, tana shekara 15, takan ƙara ƙasa da haka, domin ta riga ta yi yawancin tsawonta kafin nan. Saboda haka kada wadda ta riga ƙawayenta ta tsorata, kada kuma wadda suka riga ta ta damu.

Yadda girman yake tafiya daki-daki

Wani likitan yara ɗan Ingila mai suna James Tanner ya fara auna yara a garin Harpenden kusa da Landan a shekarar 1948. Yaran nan ɗaya aka yi ta aunawa shekara da shekaru har suka girma. A 1969 shi da abokin aikinsa Marshall suka fitar da sakamakon 'yan mata 192, kuma har yau likitoci suna aiki da matakan da suka tsara.

Abin da aka gano shi ne girman 'ya mace yana bin tsari. Alamar farko ga yawanci ita ce ƙirgen dangi, tsakanin shekara 8 zuwa 13. Daga nan sai tsawo ya tashi da sauri, har yarinya ta riƙa ƙara wajen santimita 8 a shekara guda. Tafin ƙafa da hannu ne suke fara girma, shi ya sa takalmi yake fara matsewa tun kafin siket ya ɗage. Sai ƙafafu su miƙe, sannan gangar jiki ta biyo baya. Al'ada tana zuwa ne kamar shekara biyu zuwa biyu da rabi bayan ƙirgen dangi, lokacin da saurin nan ya riga ya wuce ƙololuwarsa ya fara sauka. Shi ya sa ake ganin kamar al'ada ce ta tsayar da tsawo, alhali dai ta zo ne a ƙarshen tafiya. Yawancin ƙarin da ake samu bayanta a ƙashin baya yake, ba a ƙafafu ba.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa a aji ɗaya da aji biyu 'yan mata da yawa suke fin maza sa'o'insu tsawo. Maza suna shiga nasu saurin ne kamar shekara biyu bayan mata, sai su kamo su, su wuce. A ƙarshe, matsakaicin bambancin tsawon namiji da mace yakan kai wajen santimita 13.

Me yake faruwa a cikin ƙashi?

Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ne ƙashi yake ƙara tsawo: guringuntsin yana yaɗuwa, na bayansa yana daskarewa ya zama ƙashi. Wani sinadari da ake samarwa a ƙasan ƙwaƙwalwa shi ne yake tura wannan aiki, kuma ya fi fitowa lokacin barci mai nauyi.

Idan yarinya ta fara tasawa, jikinta yana samar da wani sinadarin kuma mai suna isturojin. Aikinsa biyu ne. Da farko yana ƙara wa tsawo sauri. Daga baya, idan ya yawaita, shi ne dai yake sa faifan guringuntsin ya ƙare ya haɗe da sauran ƙashin. Da zarar ya haɗe, ƙofar tsawo ta rufe har abada. Likita yana iya ɗaukar hoton ƙashin hannu ya ga ko da sauran wuri.

Darasin da ke nan shi ne, babu wata ƙwaya ko tsimi ko garin magani da zai buɗe ƙofar bayan ta rufe. Duk mai tallar maganin tsawo a kasuwa ko a waya kuɗinmu yake so. Mu kuma yi hattara da ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametason, waɗanda wasu suke sha ba da umarnin likita ba. Yawan shan su yana dakushe tsawo, yana kuma raunana ƙashi.

Gado da abinci

Babban abin da yake yanke tsawon mutum shi ne gado. Likitoci suna da wani lissafi mai sauƙi na 'ya mace: a cire 13 daga tsawon uba, a haɗa da tsawon uwa, a raba biyu. Idan uba yana da santimita 173, uwa tana da 160, to 173 a cire 13 ya zama 160, a haɗa da 160 ya zama 320, a raba biyu ya ba da 160. 'Yarsu za ta iya fin haka ko ta gaza da kamar santimita 8. Kintace ne kawai, ba hukunci ba.

Sai dai gado iyaka yake sawa, abinci da lafiya su ne suke kai mutum ga iyakar. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Shekarun tasawa su ne dama ta ƙarshe da jiki yake da ita ta ƙara tsawo, kuma a daidai lokacin ne yarinya take fara rasa jini kowane wata. Buƙatarta ta abinci mai kyau ƙaruwa take yi, ba raguwa ba.

Alhamdu lillahi, abin da ake buƙata yana cikin gonakinmu da kasuwanninmu. Don gina jiki akwai wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, fara da kifi. Don ƙarin jini akwai hanta, nama, gero, wake, zogale da alayyafo. Don ƙarfin ƙashi akwai nono, riɗi, miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Fura da nono kaɗai ta haɗa biyu daga cikin ukun nan. Lemo, gwaba da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini daga abinci, shayi kuwa yana rage tsotsar, don haka gara a ba da tazara tsakaninsa da cin abinci. A ƙara da barcin awa 8 zuwa 10, da motsa jiki, da kwana cikin gidan sauro, da shan maganin tsutsar ciki idan ma'aikatan lafiya sun kawo. Batun cewa tsallake yaro yana hana shi tsawo kuwa camfi ne. Yunwa da ciwo su ne suke hanawa.

Tsawo yana gama nasa, ƙugu bai gama ba

Ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan bayani. Malamanmu na Islamiyya suna koyar da mu hukuncin balaga game da salla da azumi, wannan fanninsu ne. Amma ta fuskar ginin jiki, fara al'ada ba ya nufin an kammala. Ƙashin ƙugu, wanda ta cikinsa jariri yake fitowa, yana girma a hankali fiye da tsawo, kuma yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada, har wajen shekara 18. Ƙasusuwa gaba ɗaya suna ci gaba da ƙara ƙarfi har bayan shekara 20.

An ga shaidar haka a nan ƙasar Hausa. Farfesa Kelsey Harrison na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa sakamakon a 1985. Daga cikin abin da suka gano, da yawa daga ƙananan 'yan mata masu cikin fari suna kan ƙara tsawo a lokacin da suke ɗauke da cikin, kuma waɗanda aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini sun fi ƙarawa. Wato uwa da ɗan cikinta duka biyun girma suke yi, abinci ɗaya suke rabawa.

Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, naƙuda tana iya tsawaita kwana biyu ko uku. Idan ba a kai mace asibitin da za a yi mata aiki da wuri ba, ana iya rasa jaririn, ita kuma ta kamu da yoyon fitsari. Wannan lalura tana iya samun mace ko shekarunta nawa, amma haɗarin ya fi yawa ga wadda jikinta bai gama ginuwa ba. A jiharmu akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan lalura a Babbar Ruga, Katsina, inda likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa dubban mata aiki tun daga shekarun 1980. Kowace shekara da aka bar yarinya ta gama girma, tana ci tana karatu, kariya ce gare ta da 'ya'yan da za ta haifa. Rigakafi ya fi magani.

Yaushe za a ga likita?

A gaya wa uwa ko malama a je asibiti idan alamun girma sun bayyana kafin shekara 8, ko yarinya ta kai 13 babu ƙirgen dangi, ko ta kai 15 ba ta fara al'ada ba. Haka nan idan jini yana wuce kwana 7, ko yana zuba da yawa har da jiri da kasala. Masu ciwon sikila sukan yi jinkirin tasawa, su ma yana da kyau likitansu ya riƙa duba girmansu.

Mu gwada da kanmu

Kowace ɗaliba tana iya bin nata tsawon. A cire takalmi, a kwance ɗaurin gashi, a jingina dunduniya da baya da ƙeya a bango, a ɗora littafi a kai, a yi alama, a auna da tef ɗin tela. A yi haka farkon kowane zangon karatu, kuma da safe, domin mutum yakan fi tsawo da safe fiye da yamma da kamar santimita 1. A rubuta a bayan littafi. Bayan shekara guda lambobin za su yi bayani da kansu.

Kira gare mu duka

'Yan uwa mata, kada wadda ta rage cin abinci don tsoron ƙiba, kada kuma a fito makaranta ba karin kumallo. 'Yan uwa maza, a daina yi wa kowa ba'a da gajarta ko tsawo, babu wanda ya zaɓi nasa. Malamanmu, muna roƙon a ba wannan batu lokaci a darasin kimiyya, a kuma tabo shi a taron iyaye da malamai. Iyayenmu kuwa, idan ana rabon nama da ƙwai da nono a gida, a tuna da 'yar da ta fara al'ada, domin jikinta yana tsakiyar aiki.

Mai tambaya ya rubuta a takarda ya miƙa wa malamar da ke kula da ƙungiyarmu, ba sai ya sa suna ba. Allah Ya ƙara mana lafiya da ilimi mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Zango